Daga Babbaƙu Zuwa Farfaru: Yadda Wata Firamare a Ƙasar Katagum Ta Koya wa Yaranta Karatu

Makarantar da garinta

Makarantar da zan yi bayani a kanta firamare ce ta gwamnati a wani ƙauye na ƙasar Katagum, arewacin jihar Bauchi, tafiyar kusan minti 40 a babur daga Azare idan ba da damina ba. Ba zan ambaci sunanta ba, haka ma mutanen cikinta. Na koyar a can shekara 11 kafin in yi ritaya, kuma tun 2019 ni ne sakataren kwamitin gudanar da makarantar, wanda aka fi sani da SBMC. Duk wani adadi na makarantar da za a gani a nan, daga littafin kwamitin na ɗauko shi.

An buɗe ta a 1976, shekarar da gwamnatin soja ta Obasanjo ta ƙaddamar da shirin UPE na ilimin firamare kyauta. Bulo biyu ne, ajujuwa 6, biyu daga ciki iska ta yaye kwanonsu. A 2021 akwai malamai 7 har da hedimasta da malamin Arabiyya, ga yara 412 a rajista. Mutanen garin manoman gero da dawa da wake da gyaɗa ne. Kusan ɗaya cikin kowane yara 6 daga rugagen Fulani na kewaye yake zuwa, kuma Fulatanci yake yi a gida.

A takarda, batun harshen koyarwa ba sabo ba ne. Manufar Ilimi ta Ƙasa, wadda aka fara fitarwa a 1977 aka yi ta yi mata kwaskwarima har zuwa 2013, ta tanadi a koyar da yaro da harshen yankinsa a shekaru uku na farko, Turanci ya zama darasi, sannan daga aji 4 a riƙa komawa Turanci sannu a hankali. A 1999 aka ƙaddamar da shirin UBE na ilimin matakin farko ga kowa a Sakkwato, a 2004 kuma aka yi dokar da ta wajabta karatun shekara 9 kyauta, ta ware wa hukumar UBEC kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya. A ajinmu kuwa, littattafan da suke isowa na Turanci ne, jarrabawa da Turanci ake yin ta, darasin Hausa sau biyu ne a mako, kuma sau da yawa a lokacinsa ake tura yara sharar fili.

Oktoba 2021: saƙon waya

Wata Litinin da hantsi ina ofishin hedimasta muna lissafin kuɗin gyaran benci, wani dattijo ya yi sallama. Bayan an gaisa ya zaro ƙaramar waya daga aljihu ya ce, "Malam, a kira mini 'yata da ke aji 5." Aka kira ta, ta durƙusa ta gaishe mu. Ya miƙa mata wayar ya ce ta karanta. Saƙo ne daga wanta da ke neman kuɗi a Fatakwal, da Hausa, layi biyu: ya turo kuɗi wurin mai POS, a karɓa a biya masu girbi.

Yarinyar ta riƙe wayar da hannu biyu. Leɓenta na motsi amma ba abin da ya fito. Can ta ce "bi", wato sunan harafin farko da Turanci, sai ta yi shiru, hawaye suka cika mata ido. Uban ya karɓi wayarsa a hankali ya ce, "Ba faɗa na zo yi ba, Malam. Shekara biyar ke nan nake raba ta da aikin gida kowace safiya. Tambaya kawai nake yi, me kuke koya musu?"

Hedimasta ya kawo maganar korona, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, tunda an rufe makarantu a Maris 2020 aka shafe fiye da rabin shekara a gida. Amma yarinyar tana aji 3 aka rufe, kuma malamin da ya riƙe ajin ya amsa cewa a lokacin ma ba ta iya ba. Ta yi ta cin jarrabawar ƙarshen zango ne saboda tana kwafar abin da ke kan allo da rubutu mai kyau.

Kwamiti ya yanke shawarar a gwada yaran aji 3 zuwa 5 ɗaya bayan ɗaya. A Nuwamba muka shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, ni da hedimasta, da takarda guda mai matakai biyar cikin Hausa: haruffa, gaɓoɓi, kalmomi, gajerun jimloli, da ɗan labari mai layi 6. Kwana 4 muka yi. Cikin yara 186 da ke rajistar ajujuwan uku, 131 muka samu. Yara 58 ba su iya gane ko harafi biyar ba. Yara 37 sun san haruffa amma ba sa iya haɗa su. Yara 21 suna karanta kalma ɗaiɗai, 9 suna karanta jimla, 6 kacal suka karanta labarin suka faɗi abin da ya ƙunsa. Da muka karanta wannan sakamako a taron iyaye, sai da aka ɗau lokaci ba wanda ya ce uffan.

Janairu zuwa Yuli 2022: Turanci zalla

Shawarar da ta yi rinjaye a taron ita ce a yi irin na makarantun kuɗi na Azare. Hujjar iyaye a fili take: da Turanci ake jarrabawa, da shi ake neman aiki, da shi ake rubuta takardar magani a asibiti. Wani ya ce, "Hausa ai da nono suka sha ta, me za a koya musu a ciki?" Ni ma na ɗaga hannu na goyi baya.

Aka hana Hausa a harabar makaranta tun daga aji 1. Monita yana rubuta sunan duk wanda ya yi, a ci shi tarar naira 10 ko a yi masa bulala biyu. Aka kuma buɗe lesin na yamma sau uku a mako, naira 200 a wata.

Cikin mako biyu makarantar ta yi tsit, in ban da amshi. Malami ya karanta jimla, yara 70 su maimaita da ƙarfi, wanda ke wucewa a hanya ya ɗauka karatu ya kankama. Wata rana na ware wani yaro ɗan aji 4 da ya rattabo shafi guda tun daga sama har ƙasa ba gargada. Na rufe hoton da tafin hannuna, na ɗora yatsa a kan wata kalma a tsakiya na ce ya karanta. Sai ya koma ya faro daga farkon shafin. Hadda ya yi, idonsa ma ba ya kan takardar.

Akwai wani rikici da ban taɓa lura da shi ba duk shekarun da na yi ina riƙe alli. Harafin da Bahaushe yake furtawa "a", a Turanci sunansa "e". Wanda yake furtawa "e" sunansa "i", shi kuma "i" sunansa "ai". Yaro ɗan shekara 7 da ba ya jin harshen, an ba shi sunayen haruffa da ba su dace da sautinsu ba, an kuma ce ya haɗa su ya fitar da kalmar da bai san ma'anarta ba. Su kansu malaman ba duka ne suke iya riƙe Turanci na minti 35 ba, don haka sukan tura ƙofa su koma Hausa a ɓoye. Lesin ya mutu a Maris, yara 19 ne kawai suka ci gaba da biya. Yaran ruga, waɗanda Hausar ma ba ta zauna musu ba, da yawansu suka daina zuwa.

A Yuli muka sake gwaji da takarda irin ta farko. Yara 118 muka samu. Masu karanta jimla ko labari 17 ne, waɗanda ba su san haruffa ba 51.

Nuwamba 2022 zuwa Yuli 2023: Hausa a baki, Turanci a allo

Ranar 30 ga Nuwamba 2022, Ministan Ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, wanda shi ma ɗan ƙasar Katagum ne, ya sanar cewa Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da sabuwar manufar harshe: a koyar da yara da harshen uwa a duk shekaru 6 na firamare, a fara haɗawa da Turanci a ƙaramar sakandare. Shi da kansa ya ce aiwatarwa sai an ɗau lokaci, domin sai an tanadi littattafai da malamai. A rediyo muka ji. A littafin kwamiti babu ranar da wata takardar umarni, ko littafi, ko gayyatar bita ta iso makarantar a kan wannan manufa.

Duk da haka, da aka dawo a Janairu 2023 hedimasta ya soke tara da bulala ya ce a koyar da Hausa. Malamai suka yi ajiyar zuciya, yara suka dawo da surutunsu, har wasu daga cikin waɗanda suka gudu suka komo. Aji ya yi rai. Yaro yakan ɗaga hannu ya yi tambaya, abin da aka shekara ba a gani ba.

Sai dai ga yadda darasin yake tafiya. Malami ya buɗe littafin Turanci, ya yi bayaninsa da Hausa da baki, sannan ya rubuta taƙaitawa a allo da Turanci ya ce a kwafa. Yaro ya fahimci yadda sauro ke kawo zazzaɓi, zai iya yi maka bayani tiryan-tiryan, amma abin da ke cikin littafinsa zane ne kawai a wurinsa. Babu wani lokaci a jadawali da aka ce wannan na koyon karatu ne, kowane malami yana ɗauka an koya a ajin baya.

Da wasu malaman suka gwada rubuta Hausar, wata matsala ta fito. Duk Hausawa ne, amma cikin 7 mutum biyu ne suka taɓa koyon ƙa'idojin rubutunta. Na ga an rubuta "baki sunzo" a allon aji 3, ana nufin baƙi sun zo. Wata yarinya da ta san haruffa ta karanta abin da ta gani daidai, malamin ya ce ta yi kuskure. A lissafi akwai sauƙi, tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa duk muna da su, amma a kimiyya kowane malami da kalmar da yake ƙirƙira. Ga Bafulatanin yaro kuma, harshen uwa da ake faɗa a rediyo ba Hausa ba ce. Zangon ma bai cika ba: ƙarancin takardun naira a Fabrairu ya sa malamai suna kwana biyu a layin banki a Azare, sannan makarantar ta zama rumfar zaɓe.

Gwajin Yuli 2023: yara 140, masu karanta jimla ko labari 24, waɗanda ba su san haruffa ba 49. A watan nan yarinyar da ta riƙe wayar nan ta gama aji 6, tana matakin gaɓoɓi.

Agusta 2023: zama a zauren mai gari

Mai gari ya tara mu bayan la'asar, kwamiti da malamai da liman. Aka yi ta jayayya, masu cewa a koma Turanci da masu cewa a bar Hausa. Liman, wanda yake da makarantar allo a ƙofar gidansa, bai tsoma baki ba sai da mai gari ya ce, "Allah gafarta Malam, ba ka ce komai ba."

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ban san boko ba. Abin da nake gani shi ne suna ɗaga yaro gaba don damina ta zagayo. A wurinmu yaro ba ya barin babbaƙu sai ya san kowane baƙi a duk inda aka nuna masa shi, sannan ya shiga farfaru. Yara 30 a gabana, allo 30, kowa da inda ya tsaya. Kuma ba na cewa yaro ya wanke sai ya biya mini."

A nan ne malamar aji 1 ta nemi izinin magana daga bakin ƙofa inda take zaune. Ita kaɗai ce mace a cikin malaman, an kuma kawo ta ne a 2022 daga wata ƙaramar hukuma, shi ya sa ba ta cika magana a taro ba. Ashe a tsohuwar makarantarta ta sami horo a ƙarƙashin shirin NEI Plus, wanda hukumar USAID ta Amurka ta ɗauki nauyi a jihohin Bauchi da Sakkwato daga 2015, aka samar da littattafan koyon karatu na Mu Karanta don aji 1 zuwa 3. Ta zo da jagoran malami guda da littafin ɗalibi 6 a akwatinta, kuma da su take koyarwa tun zuwanta, har a lokacin da aka hana Hausa. Mu kuwa ba mu taɓa gwada aji 1 ba, muna ganin sun yi ƙanƙanta. Da aka koma hutu muka gwada yaran da suka fito daga hannunta: cikin 64, yara 29 suna haɗa gaɓoɓi, adadin da ya fi na aji 4.

Satumba 2023 zuwa Yuli 2024: awa ɗaya kowace safiya

Tsarin da aka amince da shi bai da yawa. Daga ƙarfe 8 zuwa 9 na kowace safiya babu wani darasi sai karatun Hausa. Aji 1 da 2 suna bin tsarin Malama. Yaran aji 3 zuwa 5 kuwa a wannan awa ba a zama aji-aji, ana raba su rukuni 4 gwargwadon inda kowa ya tsaya a gwaji, ƙarfe 9 kowa ya koma ajinsa. Duk mako 6 a sake gwadawa, wanda ya biya ya wuce gaba. Daga baya na ji cewa ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya ta daɗe tana aiki da irin wannan tsari, har an gwada shi a jihar Borno. Mu dai daga bakin liman muka samo shi.

Kowace Alhamis bayan an tashi, Malama takan zaunar da sauran malaman na minti 40. Ta fara da su daga ɓ da ɗ da ƙ da 'y, da inda ake raba kalma. Hedimasta, wanda ya girme ta da shekara 20, shi ya fara zama a benci da littafinsa, wannan ya sa sauran ba su sami bakin ƙi ba.

Yadda take koyarwa shi ne sauti kafin suna. Ta rubuta k, ta furta sautinsa, ta sa a, su ce ka. Sai ki, ku, ke, ko. Ita ta fara, su yi tare, sannan ta nuna yaro guda ya yi shi kaɗai. A rana ta huɗu ta rubuta "kaka" ta juya ta yi shiru. Ina tsaye a taga na ga wani yaro ɗan shekara 12, wanda ya yi shekara huɗu a makarantar bai taɓa karanta komai ba, ya ce "ka... ka", sai ya zabura ya ce, "Malama, kaka ce! Kakata!" Ya juya yana nuna wa na kusa da shi kamar ya tsinci kuɗi.

Dalilin da ya sa abin yake sauri a bayyane yake. Rubutun boko na Hausa kusan kowane harafi sauti ɗaya gare shi, wasula 5 ne, yawancin gaɓoɓi baƙi ne da wasali. Inda rubutun ya gaza, tunda ba a nuna tsawon wasali ko karin sauti, kunnen yaro yana cike gurbin. Idan ya ga "gari" a jimla, ya san ko na tuwo ake nufi ko wanda ake zama a ciki, saboda harshensa ne.

Kayan aiki mu muka haɗa. Mai gari ya ba da buhun gero aka sayar, iyaye suka yi karo-karo. Aka yanka kwalaye aka yi katunan gaɓoɓi. Rukunin farko a ƙasa suke rubutu da tsinke. Don masu matakin jimla, malamai biyu suka zaga wurin tsofaffin mata suka rubuto tatsuniyoyi 14, na Gizo da Ƙoƙi da na kura da sauransu, Malama ta gyara rubutun, aka kai Azare aka buga kwafi 40.

Ba a rasa cikas ba. Manyan yara maza sun ƙi zama da ƙanana a rukunin farko, wasu 7 suka riƙa makara da gangan sai ƙarfe 9. Aka ware musu wuri a bayan bulo da malami namiji, aka daina kiran rukunai da lamba. Lokacin kaka, daga Oktoba zuwa Nuwamba, kusan kashi ɗaya cikin uku na yara suna gona, ranar kasuwa kuma 'yan mata suna talla. A Janairu 2024 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da shirye-shiryen tallafin jama'a, ciki har da ciyar da 'yan makaranta, zuwan 'yan aji 1 zuwa 3 ya ragu a fili. Wani jami'i da ya zo duba makaranta ya rubuta cewa an saɓa jadawali. Hedimasta ya roƙe shi ya zaɓi yaro da kansa daga aji 3 ya ba shi takarda. Ya gwada yara 5, ya tafi bai soke abin da ya rubuta ba, amma bai ce a daina ba. Yaran ruga kuma sai da wani matashi daga cikinsu da ya gama sakandare ya karɓi aikin sa kai, yana fara musu da Fulatanci yana shigar da su Hausa ta baka na minti 20, kafin suka fara motsi.

Gwajin Yuli 2024: yara 136, masu karanta jimla ko labari 71, waɗanda ba su san haruffa ba 14.

Satumba 2024 zuwa Yuli 2025: gadar da muka manta

Murnarmu ba ta daɗe ba. Yaranmu 23 suka shiga ƙaramar sakandare a garin da ke maƙwabtaka da mu, sai wani malaminsu ya aiko mana cewa suna da natsuwa da rubutu mai kyau, amma in aka yi musu magana da Turanci sai kallo. Dama a Yuli mun ƙara ɗan sakin layi na Turanci a gwajin, yara 12 ne cikin 136 suka karanta suka gane. Mun ga adadin muka kau da kai, hankalinmu yana kan 71.

Wannan laifinmu ne. A gwajin da Farfesa Aliyu Babatunde Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci shekara 6, ba a ajiye Turanci ba. An koyar da shi a matsayin darasi tun daga aji 1, a hannun malaman da aka horar musamman. Mu mun ɗauki rabin farko muka bar na biyu.

Gyaran da aka yi shi ne: aji 1 da 2 su riƙa minti 20 na Turancin baka kullum, gaisuwa da sunayen abubuwan da ke cikin aji da umarni kamar tashi, zauna, buɗe littafi, ba rubutu. Duk yaron da ya kai matakin labari a Hausa, a raba masa awar safe biyu, rabi Hausa rabi Turanci. Ana farawa da abin da ya riga ya sani: b, d, k, l, m, n, s, t duk sautinsu bai canja ba. Sannan a nuna masa inda aka rabu: c ɗin Turanci ba ta "ci" ba ce, akwai p da v da q da x da babu su a Hausa, wasulan Turanci kuma ba su da alƙawari. Yaron da ya riga ya gane cewa rubutu magana ce da aka ajiye a takarda, ba ya tsorata da wannan, tambayarsa kawai ita ce me kalmar take nufi.

Shekarar ta zo da nata rashi. An yi wa malami ɗaya canjin wurin aiki ba a kawo madadinsa ba. Fatan da muke yi na samun littattafai daga shirye-shiryen tallafi ya dushe da gwamnatin Amurka ta dakatar da ayyukan USAID a farkon 2025. Makarantun jihar kuma sun yi hutun kusan mako 5 a lokacin azumi.

Gwajin Yuli 2025: yara 142, masu karanta jimla ko labari da Hausa 88, waɗanda ba su san haruffa ba 11, masu karanta sakin layin Turanci da fahimta 39. A lura cewa ba yara ɗaya ake gwadawa kowace shekara ba, mu muke gwajin da kanmu, kuma yaron da ba ya zuwa ba ya cikin lissafi.

Satumba zuwa Nuwamba 2025: manufa ta sake juyawa

A farkon wannan zango aka sanar da sabuwar manhaja ta ƙasa, wadda ta rage yawan darussa, aji 1 zuwa 3 suka koma 9 zuwa 10, aka kuma wajabta tarihin Nijeriya. Sannan a Nuwamba, bayan taron Majalisar Ilimi ta Ƙasa a Akure, Ministan Ilimi Dakta Tunji Alausa ya sanar a Abuja cewa an soke manufar 2022, Turanci ne harshen koyarwa tun daga matakin farko har jami'a. Ya danganta yawan faɗuwa a jarrabawar WAEC da NECO da JAMB da yankunan da suka fi rungumar koyarwa da harshen gida. Wannan ma a rediyo muka ji. Washegari malamai biyu suka tambayi hedimasta ko a daina awar safe. Ya ce a ci gaba tukuna, tunda Hausa tana nan a matsayin darasi.

Abin da na fahimta

Akwai abin da na yarda da Minista a kai, domin na gan shi da idona. Abin da muka yi a 2023, bayani da Hausa a baki da kwafar Turanci a allo, yana kashe karatu, kuma shi ne abin da na sani ana yi a makarantun karkara da dama tun kafin 2022. Idan wannan ake kira koyarwa da harshen uwa, ya cancanci suka. Amma yaron da aka yi wa haka ba a koya masa karatu da kowane harshe ba. Kuma yaran da suka shiga aji 1 a lokacin da aka yi manufar 2022 a ƙarshen 2025 suna aji 4, da sauran shekaru 8 kafin su ga takardar WAEC, don haka faɗuwar da ake magana ba za ta zama 'ya'yan wannan manufa ba. A makarantarmu ma ba ta taɓa isowa ba, balle a auna ta.

Turanci zalla kuwa mun gwada shi, da tara da bulala da goyon bayan iyaye, cikin wata 7 masu karanta jimla ko labari suka tashi daga 15 zuwa 17. Ina tsoron abin da zai faru idan aka tilasta shi a kan malaman da su kansu Turancin bai zauna musu ba, a ajin yara 70 da ba sa jin sa a gida ko a kasuwa. Masu karanta Turanci a wurinmu sun ƙaru ne daga 12 zuwa 39 bayan sun iya karatun Hausa, kuma duk 39 ɗin suna cikin 88 ɗin nan.

Abubuwan da suka yi aiki su ne lokaci da aka keɓe kullum ba fashi, malama guda da aka taɓa horarwa da gaske ta horar da sauran, takarda a hannun yaro, da hana shi wucewa sai ya biya. Babu ɗaya daga cikinsu da ya zo mana ta sanarwar 2022 ko ta 2025. Abin da nake roƙo ga masu tsara manufa shi ne, kafin a soke ko a kafa, a zo a shimfiɗa tabarma a gwada yara 100 ɗaya bayan ɗaya, a kuma bar wa makarantu irin tamu damar fara karatu da harshen da yaro yake ji, a ƙarfafa mana Turancin da malamai da littattafai.

Yarinyar da ta riƙe wayar nan ba ta shiga sakandare ba, mahaifinta ya ce bai ga abin da za ta je yi ba, kuma ban sami abin da zan ce masa ba. Ƙanwarta, wadda ta fara a hannun Malama a 2022, tana aji 4 a ƙarshen 2025, ita take karanta masa saƙonnin Fatakwal ta kuma rubuta amsa. A ƙarshen Nuwamba 2025 gwamnatin jiha ta rufe makarantu bayan sace ɗalibai a Kebbi da Neja, kafin kwamiti ya samu zama. A lokacin, abu biyu ne suke jiranmu idan aka koma: yadda za a rubuta awar safe a jadawali ba tare da an saɓa wa sabon umarni ba, da kuɗin sake buga littafin tatsuniyoyi, domin cikin kwafi 40 saura 23, su ma an ɗinke bayansu da zare.